Sunan Yusufa

Tun da kuka dawo daga Kano, wancan zuwan da kuka yi bikin 'yar Habu, nake ganin yadda kuke kallona. Babu wanda ya ce mini komai, amma na san an gaya muku ubanku ne ya sa aka kama Habu aka mayar da shi gida. To ku ji daga bakina. Ban kai ƙararsa ba, wannan ɗaya. Amma da ban yi abin da na yi ba, da yau Habu yana nan unguwarmu Jurf da gidansa da takardar zama ɗan ƙasa kamar kowa, wannan ma ba zan ɓoye muku ba.

Shekarar ina ɗan goma sha tara, ina aikin ɗaukar shantoci, wato jakunkunan fasinja, a filin jirgin Madina. Makaranta ban yi nisa ba, amma Allah ya jarabce ni da son karatu. Duk takardar da fasinja ya yar sai na tsince ta na duba. Turanci da kaina na koya, daga jikin kwalaye da wani ƙamus da bangonsa ya fita. A filin akwai wani muhandis mai gyaran na'urori, mutumin ƙasar Ailan, rana ta gasa shi ya yi jajir. Ba ya shiga gari tunda ba musulmi ba ne, iyakarsa filin da masaukinsu. Wata rana ya ji wani direba ya kira ni "ya takruni", sai ya tambaye ni ma'anarsa. Na ce haka suke kiran duk baƙar fatar da iyayensa suka zo daga yamma, ko da a ƙofar Harami aka yanke masa cibiya. Ya gyaɗa kai, ya ce kakanninsa Keltawa sun fi kowa iya wannan sana'ar ta raɗa wa baƙo suna. Da ya je hutu ya dawo, sai ga shi da wani littafi mai kauri, ya ce in riƙe.

Ku yi haƙuri sai na ɗan gaya muku abin da ke ciki, don ba za ku gane haukar da na yi ba sai kun ji. Mu dai baƙo baƙo ne, Larabawa su ce ajnabi, shi ke nan. Su mutanen nan ba haka ba ne, kowane baƙo da irin sunansa, kamar yadda manomin Badar yake rarrabe dabino. Mutanen Ailan na dā suna da gall, wanda da farko yake nufin mutumin wata ƙasa Gol, daga baya duk wanda ya zo musu da jirgin ruwa da takobi sai ya gaji sunan, har ma suka raba su, farin gall da baƙin gall. Akwai murchuirthe, ya'ani wanda teku ta tofo a gaɓa, ba dangi ba kaya. Akwai cú glas, kare mai launin toka, shi ne wanda ya ƙetaro teku ya auri 'yar gari, darajarsa a hannun matarsa take. Akwai deorad, wanda ya baro mutanensa, ba shi da tsayuwa a gaban shari'a irin ta ɗan gari. Mutanen Wels kuma sunan da suke kiran kansu ma'anarsa 'yan ƙasa ɗaya, baƙo kuwa alltud, na wasu mutane. Yadda ake furta su kada ku tambaye ni, muhandis ya sha dariyar bakina. Na sayi littafin rubutu na kwafe su duka, ina hadda a bayan motar kaya. Duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da ni sai ya sha. Abokan aiki har suna cewa in an ga Karimu ya buɗe littafi, kowa ya nemi aikin yi.

Ana cikin haka Habu yana gidanmu. Ɗan ƙanin Baba ne, ya girme ni da shekara huɗu. Ya zo umara da azumi, ya tsaya ya yi hajji, sannan bai koma ba. Ubansa ya rasu, a gida akwai uwa da ƙanne, shi kuwa ya sami aikin kwaɓa siminti a wani gini a bayan unguwarmu. Ba shi da iƙama, wato izinin zama, ba shi da komai sai fasfon da wa'adinsa ya wuce. In alhazai suka watse kuwa kowa ya san abin da ke biyo baya: masu duba takardu su fito, mota ta tsaya a bakin layi, wanda ba shi da takarda a kwashe shi sai tarhil, a mayar da shi ƙasarsa.

Mu muna da tabi'iyya, takardar zama ɗan ƙasa. Baba da Umma da ƙafa suka zo, ta Sudan, shekaru suka yi a hanya, suka iso lokacin da samun takarda bai yi wuya ba. Mu duka a Madina aka haife mu, sunayenmu suna cikin hafizar Baba, wato takardar iyali. Na farko a jerin shi ne yayana Yusufa, wanda ba ku taɓa gani ba. Yana ɗan shekara goma sha huɗu Baba ya tafi da shi aikin dabino a Badar, zazzaɓi ya kama shi, kwana uku ya rasu, a can aka binne shi. Baba bai taɓa zuwa an soke sunansa ba. Da farko baƙin ciki ne ya hana shi, daga baya muka tashi daga tsohuwar unguwa muka dawo Jurf inda ba a san mu ba, maganar ta kwanta shekara takwas. A takarda Yusufa yana raye, ya ma kai shekarun da za a yanka masa katinsa.

Wata Juma'a muna dawowa daga masallaci Baba ya ja ni gefe. Ya ce zai kai Habu wurin umda, mai unguwa ke nan, ya ce ga ɗansa Yusufa ya dawo daga gona, a sa masa hannu a je a ciro masa kati. Aikina shi ne in gyara wa Habu harshe, ya riƙa magana kamar haifaffen Madina. Ya ce maganar gida ce, kada ta fita. Na ce to. Wallahi daɗi ma na ji, an ba ni aikin malami.

Kullum da la'asar sai mu hau soro ni da Habu. Larabcinsa na allo ne, in ya buɗe baki kamar liman yana huɗuba. In ce masa a nan ba a cewa haka, ce "esh tibga", ce "dahin", shi kuma ya ce wannan Larabcin 'yan tasha ne. Mu yi ta dariya. Abu ɗaya ne ya gagara. Sai in bari ya shagala, in kira shi a hankali, "Yusufa", ya ci gaba da kallon tantabaru kamar ba da shi ake ba. In ce masa a gaban umda haka za ka yi? Ya ce in ba shi lokaci, sunan bai zauna masa ba tukuna.

Yanzu sai na gaya muku wani abu game da Umma, don ku 'yan yanzu ba ku san shi ba. Yusufa ɗan farinta ne, kuma Umma Bahaushiya ce ta asali, mai alkunya. Tun da aka raɗa masa suna ba ta taɓa furta shi ba. In za ta aike ni wurinsa sai ta ce "kira yayanka". In da mutane ba ta kallonsa, ba ta yabonsa, in ya faɗi wata ce za ta ɗaga shi. Ranar da Baba ya dawo daga Badar shi kaɗai, ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Matan Larabawa maƙwabta har suna cewa wannan mata zuciyarta dutse ce.

Ita ce kuma mutum ɗaya tak a duniya da ke sauraron Keltawana ba ta gudu. Tana soya gyaɗa a cikin yashi, wadda take sayarwa a ƙofar makarantar 'yan mata, ni ina tsugune da littafina. Ranar da abin ya faru na fara mata da cú glas.

"Surukin nasu suke ce wa kare?" ta ce. "Lalle ba su da kunya. Ita kuma matar tana ji tana gani?"

Na ce ai ita ce mai darajar, shi a inuwarta yake. Ta ce to wannan kam sun yi hankali. Ta tambaye ni a cikin sunayen nan wanne ne na ubana, na ce da na ga yadda suka sauka daga kwalekwalen da ya ƙetaro da su daga Sawakin ta Sudan, da na ce wanda teku ta tofo. Ta yi dariya har tana share ido da gefen mayafi. Dariyar nan ce ta ja ni. Na buɗe wani shafi na ce ta ji na mutanen Wels, su alltud in ya zauna a ƙasar wani, shi baƙo ne, ɗansa baƙo ne, jikansa ma haka, sai tattaɓa kunne ne ƙasa take kama shi ya zama nata. Na ce ki duba fa, Umma, mutum huɗu a jere suna jira, amma Baba cikin safiya ɗaya zai yi wa Habu, a shiga da shi yana Habu a fito da shi da sunan Yaya.

Ludayin ya tsaya a cikin kasko. Ban ma lura ba sai da na ji ƙaurin gyaɗa.

"Da sunan wa?"

A nan na gane. Ni duk zatona da ita aka shirya, don takardar haihuwar Yusufa a akwatinta take. Na fara kame-kame, ta ce in sauke kaskon. Na sauke. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji ƙarar murfin akwati.

Washegari muna karyawa, ni da Baba a tsakar gida, Habu yana ɗaki ƙofa a buɗe, ta zo ta zauna nesa kaɗan ta ce tana da magana. Baba ya dube ni sau ɗaya, ya ajiye kofin shayi. Bai yi musu ba. Ya ce mamaci ba ya bukatar takarda, mai rai ne yake bukata. Ya ce uban Habu ne ya zauna ya riƙe musu tsohuwa da gona har shi ya samu ya taho, yau ɗansa ya zo ƙofarsa, ya bari a jefa shi a mota kamar buhu? Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, har yau ban ga ƙarya a ciki ba. Sai ya ƙara da abin da bai kamata ya ƙara ba.

"Kuma ke me zai rage miki? Sunan da ko sau ɗaya ba ki taɓa kira ba."

Umma ta ɗago kai ta dube shi.

"Malam, shekara goma sha huɗu yana gabana ina haɗiye sunan nan. Ka ɗauka don ba shi da nauyi ne? Kabarinsa ban sani ba, ba ka kai ni ba. Sunan ne kaɗai ya rage mini. Shi za a riƙa kira a tsakar gidana wani yana amsawa, a ɗaura masa aure da shi, ya haifi 'ya'ya a ce jikokina ne?"

Baba ya ce Habu ai ɗa ne. Ta ce ɗa ne, kuma uwarsa tana raye a Kano, a je a tambaye ta ko ta yarda a shafe nata. Baba ya ce ta kawo takardar. Ta ce tana jikinta, in yana so ya zo ya cire. Bai taɓa sa mata hannu ba, ranar ma bai sa ba. Ya tashi ya sa takalmi, a bakin ƙofa ya ce da takarda ko babu, ranar Asabar zai kai Habu, ya ce ta ɓata.

Kwana huɗun da suka biyo baya gidan kamar an yi mutuwa. Umma tana dafa abinci, ta zuba na Habu ya fi na kowa, ta aike ni da shi, ba ta ce da Baba ko sannu. A satin nan aka kwashe mutum uku a layin bayanmu, har da wani tela ɗan Damagaram da ya shekara goma a unguwar. Habu ya daina zuwa gini. In aka ji mota ta rage gudu a waje sai ya haye soro ya kwanta bayan tankin ruwa, ƙarfen yana ƙona shi. Ni kuwa ko littafin ban iya buɗewa. Na hau wurinsa sau ɗaya da niyyar mu ci gaba da darasi, ya ce in bar shi yau.

Ranar Laraba da hantsi, Baba ya fita, ni aikin yamma gare ni. Sai ga Umma ta fito da abayarta, ta ce in kai ta wurin umda. Na san abin da take nufi. In umda ya rubuta Yusufa ya rasu, ranar Asabar babu inda za a je. Larabcinta na kasuwa ne, kuma umda ba zai saurari mace ita kaɗai ba, dole sai da ni. Na ce ta bari Baba ya dawo. Ta ce ta jira shi shekara takwas. Sai na koma ga abin da na iya, na ce Umma, Keltawan nan da suka karɓi addinin Annabi Isa, akwai wani baƙo da suka ɗaga sama da sauran, suna ce masa deorad Dé, baƙon Allah, wanda ya bar ƙasarsa don ibada, ba a taɓa shi. Na ce Habu ɗakin Allah ya kawo shi, kafirai na dā ma sun san haƙƙin irinsa.

"Baƙon Allah ya zauna a gidana har ƙarshen raina," ta ce. "In ci in ba shi, in ɓoye shi a ƙarƙashin gadona. Amma da sunan da ubansa ya yanka masa rago. Za ka kai ni, ko in je in tsaya a ƙofar mutumin nan ina nuni da hannu kamar bebiya?"

Na san in na ƙi, ranar Asabar Habu ya tsira, Umma kuma za ta rayu a gida ɗaya da abin har ta mutu. Ba wani dogon tunani na yi ba, kada ku ɗauka. Takardar na gani a hannunta, ta naɗe ta a leda, na je na sa takalmina.

Habu yana zaune a zaure, babu wata hanyar fita sai ta gabansa. Ya dubi abayar, ya dubi ledar. Ya janye ƙafafunsa don mu wuce.

"A dawo lafiya, Inna," ya ce.

Umda dattijo ne mai tabarau, yana zaune a wani ɗan ofis da fanka tana juyawa. Na yi masa bayani, na ce yayana ya rasu a Badar shekara takwas da suka wuce, ba a rubuta ba. Ya yi faɗa sosai, ya ce wannan sakaci ne, sai ubanmu ya zo da kansa da shaidu, amma zai rubuta a wurinsa tun yau. Ya ɗauki alƙalami ya tambayi sunan mamacin. Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu, ya ce ba ni ya tambaya ba, uwar yake so ta faɗa da bakinta, don ya san ba yaro ne ya shirya wani abu ba. Na juya mata da Hausa. Na so in gaya masa a wurinmu ba a yin haka, amma ta yaya zan fara? Fankar ta yi ta juyawa. Umda ya dube ni ta saman tabarau, ya fara ajiye alƙalamin.

"Yusufa," in ji Umma. Ta sake faɗa, a hankali, kamar tana tashinsa daga barci. "Yusufa."

Ya rubuta. Muka fito, ba ta yi kuka ba sai da muka sha kwana, ta dafa bangon wani gida. Na tsaya na ba ta baya ina kare ta daga masu wucewa.

Baba bai doke ni ba. Da dare da na dawo daga aiki ya ce, "Malamin Turawa, karatu ya yi amfani." Daga ranar ya daina cin abinci kwano ɗaya da ni, sai da azumi ya zagayo. Ya je wurin umda da shaidu biyu daga Badar, aka soke sunan. Littafin kuwa na mayar wa muhandis, ya tambaye ni ko ban ji daɗinsa ba ne, na ce na ji, ya yi mini yawa ne.

Habu ya ƙara sati biyar a gidan. Umma ta cika alkawari, ko ƙofa aka ƙwanƙwasa ita take zuwa ta tsaya. Amma namiji mai uwa da ƙanne ba ya iya kwanciya bayan tanki har abada. Ya koma gini, kwana na uku aka zagaye wurin aka kwashe su goma sha wani abu. Na samu na gan shi a inda aka tsare su kafin motar Jidda. Umma ta ba ni jaka, dabino da gyaɗa da sabuwar jallabiya. Na miƙa masa ta tsakanin ƙarafa, na fara ba shi haƙuri. Ya ce in bari. Ya ce in gaya wa Baffansa kada ya riƙe ni a zuci, in gaya wa Inna ya yafe, ita ma ta yafe masa.

"Ka san wani abu, Karimu? Duk sanda ka kira ni da sunan nan a soro ina jinka sarai. Ji nake kamar na saci takalmi a masallaci."

Na ji sanyi a raina, har na fara cewa to alhamdu lillahi. Ya girgiza kai.

"Kada ka yi saurin godiya. Ranar Asabar da na amsa. Wallahi da na amsa, kuma da na saba."

Aka kira su, ya ɗauki jakar ya bi layi. Shekara talatin da wani abu ya yi yana tura kura a kasuwar Kano har gwiwoyinsa suka gaza, ni ina nan ina karɓar albashi a inuwa. Umma ta rasu ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba, ni ma in aka mayar da ni zauren nan zan sake sa takalmin. Amma in 'ya'yan Habu sun ce ubanku ne, kada ku yi musu da su.